Yadda Ake Sanya wa Bidiyo Rubutun Ƙasan Allo da Alamomin Babi

Gabatarwa

A zangon karatu na biyu na shekarar da ta wuce, malaminmu na adabin baka ya ba mu aikin fita filin nazari. Ni sai na nufi Sabo, inda na yi hira da wani dattijo haifaffen ƙasar Sakkwato, wanda ya shafe fiye da shekara sittin yana fataucin goro a nan Kudu. Na ɗauki hirar da wayar salula, ta kai minti 47. Ranar da aka nuna ta a aji na lura da wani abu da ban yi tsammani ba. Kusan rabin 'yan ajinmu Yarabawa ne da 'yan ƙabilar Ibo da suka fara koyon Hausa a jami'a. Suna karanta Hausa sosai, amma saurin maganar Baba da karin harshensa na Sakkwatanci sun fi ƙarfin kunnensu. Da Malam ya ce in maimaita wurin da Baba ya yi bayanin yadda ake ɗaure huhun goro, sai da na ɓata kusan minti biyar ina kai gaba ina komowa baya kafin in same shi.

Abu na biyu ya fi wannan taɓa ni. Da na koma Sabo don in kai wa Baba nasa kwafin, sai na tarar da wani jikansa, saurayi kurma da ya gama sakandare, yana kuma karanta Hausar boko. Ya zauna ya kalli kakansa yana magana har tsawon minti 47, bai san ko kalma ɗaya da ya faɗa ba. Da aka gama ya ɗauki takarda ya rubuta mini cewa, "Me ya ce?" A ranar na ƙudura cewa sai na koyi yadda ake sanya wa bidiyo rubutu. Abin da na koya shi nake son in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai a wannan maƙala, domin na gano cewa kaso mafi girma na aikin, aikin masu nazarin harshe ne, na kwamfuta ɗan kaɗan ne.

Ma'anar rubutun ƙasan allo da ire-irensa

Rubutun ƙasan allo shi ne rubutun da ke fitowa a kan bidiyo daidai lokacin da ake furta magana, ya kuma ɓace idan an gama furta ta. Ta fuskar manufa ya kasu gida biyu. Akwai na fassara, irin wanda muke gani da Turanci a ƙasan finafinan Hausa, wanda aka yi domin mai ji da kunnensa amma bai iya harshen ba. Akwai kuma wanda aka yi domin wanda ba ya ji, ko jinsa ya yi rauni. Shi wannan yakan zo da harshen da ake magana da shi, kuma bayan maganar yakan nuna wanda ke yin ta, da sauran sautuka masu muhimmanci kamar dariya ko kuka ko ƙwanƙwasa ƙofa.

Ta fuskar yadda ake ɗora shi ma gida biyu ne. Na farko shi ne buɗaɗɗen rubutu, wato wanda aka narkar da shi cikin hoton, ya zama ba ya ciruwa. Na biyu shi ne rufaffen rubutu, wanda ke zaman kansa a gefe, mai kallo ya kunna shi idan yana so, ya kashe idan ba ya so. Shi ne ake nunawa da alamar CC a talabijin da YouTube. Amfanin rufaffen rubutu shi ne ana iya gyara kuskure ba tare da an sake haɗa bidiyon ba, ana iya ɗora harsuna da dama a kan bidiyo guda, kuma ana iya neman kalma a cikinsa kamar yadda ake nema a kowane rubutu na kwamfuta.

Taƙaitaccen tarihi

Wannan fasaha ta samo asali ne daga fafutikar kurame a Amurka da Ingila. A shekarar 1972 gidan talabijin na WGBH da ke birnin Boston ya nuna wani shirin girke-girke mai suna The French Chef da buɗaɗɗen rubutu. A 1976 hukumar kula da sadarwa ta Amurka ta ware layi na 21 na siginar talabijin, wanda ba ya fitowa a allo, domin a riƙa ɓoye rubutu a cikinsa. Ranar 16 ga Maris, 1980, aka fara watsa shirye-shirye masu rufaffen rubutu a gidajen ABC da NBC da PBS, amma sai mutum ya sayi wata na'ura ta daban ya jona wa talabijin ɗinsa kafin ya gani. Wata doka ta 1990 ta wajabta cewa daga 1993 duk talabijin mai faɗin inci 13 ko fiye da za a sayar a Amurka ya zo da wannan na'ura a cikinsa. A Ingila kuwa, BBC ta fara sanya irin wannan rubutu a 1979 ta hanyar tsarinta na Ceefax.

Da faifan DVD ya fito a 1996, sai ya zo da damar ɗaukar rubutu har kala 32 a fim guda, ya kuma yaɗa al'adar raba fim babi-babi. YouTube ya fara karɓar rufaffen rubutu a 2008, ya kuma kawo tsarin babi a 2020. Bukatar kuwa ba ƙarama ba ce. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya nuna cewa mutum miliyan 430, wato fiye da kashi 5 cikin ɗari na al'ummar duniya, suna fama da raunin ji mai tsanani. A nan Nijeriya ma, a watan Janairun 2019 aka sa hannu a kan dokar hana nuna wa masu bukata ta musamman bambanci.

Kayan aiki

Ba a bukatar kaya masu tsada. Kwamfuta madaidaiciya da abin saurare na kunne mai kyau sun wadatar. Daga cikin manhajojin gyaran bidiyo, wato abin da 'yan fim ke kira editin, akwai na kuɗi irin su Adobe Premiere Pro da Final Cut Pro, akwai kuma DaVinci Resolve mai samfurin kyauta, da Kdenlive wadda kyauta ce gaba ɗaya. Akwai kuma waɗanda aka ƙera musamman domin rubutun ƙasan allo, kamar Subtitle Edit da Aegisub, su ma kyauta ne.

Sunayen maɓallai sun bambanta daga wannan manhaja zuwa waccan, amma tsarin ɗaya ne. A kowacce akwai taga da ke nuna hoton, akwai kuma layin lokaci a ƙasa, wanda ke miƙe daga farkon bidiyon zuwa ƙarshensa. A kan layin lokacin za a ga jeren hoto, da jeren sauti, sannan mutum ya ƙara jeren rubutu. Jeren sauti yakan fito da wani zane mai kama da tuddai da kwaruruka. Inda ya yi tudu ana magana ne, inda ya kwanta an yi shiru. Wannan zane shi ne babban abokin aikin mai sanya rubutu, domin da ido zai ga daidai inda magana ta fara da inda ta tsaya.

Mataki na farko: kammala gyaran bidiyon

Kada a fara sanya rubutu sai an gama duk wani yanke-yanke. Wannan darasi da wahala na koye shi. Bayan na yi wa rabin hirar rubutu, sai na ga wani wuri kusa da farko inda babur ya wuce ya rufe maganar Baba, na yanke sakan 20. Nan take duk rubutun da ke bayan wurin ya koma yana fitowa a makare da sakan 20. Allah ya sa manhajojin suna da hanyar zaɓar rubutun gaba ɗaya a matsar da shi gaba ko baya, amma da a wurare goma na yi yankan, da aikin ya dagule.

A wannan mataki kuma ya kamata a duba yawan firam na bidiyon, wato adadin hotunan da ke wucewa a sakan ɗaya. Tsarin talabijin da Nijeriya ta gada firam 25 ne, na Amurka 29.97, finafinan silima kuma 24. Idan aka yi rubutu a kan kwafin fim mai firam 25, aka ɗora shi a kan kwafin da ke tafiya da 23.976, zai yi daidai a farko, amma a hankali ya riƙa zamewa, har ya kai bambancin kusan minti biyu da rabi bayan awa ɗaya.

Mataki na biyu: rubuta maganar

Wannan shi ne ya fi cin lokaci. Ana sauraron sakan biyar zuwa goma, a tsayar, a rubuta, a sake saurare don tabbatarwa. A yawancin manhajojin gyaran bidiyo maɓallin J yana mayar da bidiyo baya, K yana tsayar da shi, L kuma yana tura shi gaba, saboda haka hannu ba ya barin allon rubutu. Akwai manhajojin da ke sauraron magana su rubuta da kansu. Na gwada wata, amma ta kasa gane yawancin maganar Baba, har gyaran abin da ta rubuta ya fi rubutawa daga farko wahala. Ko da an yi amfani da irinsu, wajibi ne wanda ya san harshen ya bi layi-layi ya duba.

A nan ne ƙa'idojin rubutun Hausa da ake koya mana suke aiki. Mai karanta rubutun ƙasan allo sakan uku ko huɗu kawai yake da su, ba shi da damar komawa baya ya warware abin da ya rikitar da shi. Saboda haka dole a bambanta "a kan" da "akan", a raba "ya ce" da "shi ne", a haɗe "suna" da "yana". Haka nan haruffa masu ƙugiya. Idan aka rubuta "baki" a wurin "baƙi", ko "kafa" a wurin "ƙafa", mai ji zai gyara da kunnensa, amma kurma abin da ya gani shi zai ɗauka.

Sai batun karin harshe. Baba yakan ce "shina" a inda daidaitacciyar Hausa ke cewa "yana", ya ce "hwari" a wurin "fari". Na tambayi Malam ko in daidaita masa maganar, ya ce a'a, tunda aikin na nazari ne, abin da mutum ya faɗa shi za a rubuta. Abin da na cire kawai shi ne in'ina da maimaicin da ba su ƙara ma'ana ba. Inda kuma ya jefa kalmomin Yarabanci, kamar yadda mazauna Sabo suka saba, na rubuta su yadda ya faɗa, na sa su cikin rubutun tsutsa domin mai karatu ya gane an sauya harshe.

Mataki na uku: yanka rubutun gutsure-gutsure

Ba a zuba dogon sakin layi a kan allo. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada gutsure ɗaya ya wuce layi biyu. Tsohon tsarin talabijin na Amurka haruffa 32 yake ɗauka a layi, kamfanin Netflix kuma ya ƙayyade 42, ana lissafawa har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Ni na tsaya a kan 40.

Wurin da za a karya layi yana bukatar sanin nahawu. Waɗannan su ne ƙa'idojin da na bi:

1. Ban raba wakilin suna da aikatau ba. Ba na barin "ya" a ƙarshen layi "tafi" ta faɗa layi na gaba.
2. Ban raba suna da abin da ya mallaka ba, kamar "huhun goro" ko "kasuwar Sabo".
3. Na yi ƙoƙarin ganin "ba" ta farko da "ba" ta ƙarshe na korewa sun fito a gutsure ɗaya, domin mai karatu ya ga korewar a dunƙule.
4. Na fi son karya layi bayan waƙafi, ko kafin kalmomi irin su "amma" da "domin" da "sai".

Idan Baba ya kawo karin magana, nakan ba ta gutsurenta ita kaɗai, domin masu koyon Hausa su gan ta a cike.

Mataki na huɗu: daidaita lokaci

Kowane gutsure yana da lokacin shiga da lokacin fita. Ana kai alamar layin lokaci daidai inda tudun sauti ya fara, a buɗe gutsuren, sannan a ja gefensa na dama zuwa inda maganar ta tsaya. Rubutu ya shigo tare da muryar mai magana. Idan ya riga ta, ya tona abin da ba a kai ga faɗa ba, musamman a wurin ban dariya ko kacici-kacici. Idan ya makara, mai kallo zai ga baki na motsi babu rubutu. Wajen fita kuwa ana iya ƙara masa kamar rabin sakan bayan an yi shiru.

Ka'idar Netflix ta ce kada gutsure ya gaza kashi biyar cikin shida na sakan a allo, kada kuma ya wuce sakan 7, a kuma bar tazarar aƙalla firam 2 tsakanin gutsure da gutsure, domin ido ya gane cewa rubutu ya sauya. BBC kuma tana ba da shawarar saurin kalmomi 160 zuwa 180 a minti ɗaya. Wannan ma'auni na BBC domin Turanci aka yi shi, kuma domin mutanen da suka saba karanta rubutu a allo. Da na yi la'akari da waɗanda za su kalli nawa bidiyon, sai na sassauta zuwa haruffa 15 a sakan. Lissafin mai sauƙi ne: gutsure mai haruffa 60 yana bukatar sakan 4. Subtitle Edit takan nuna wannan lissafi da kanta, ta kuma yi wa gutsuren da ya yi sauri alama da launi.

Mataki na biyar: sautukan da ba magana ba

Wannan ne ya raba rubutun kurame da na fassara. Akwai wurin da Baba ya ba da labarin yadda aka damfare shi a tafiyarsa ta farko, yana faɗa yana dariya. Wanda ya karanta kalmomin kawai zai zaci kuka yake da abin. Sai na sa [yana dariya] a gaban maganar. Haka na sa [kiran salla daga nesa] a inda ya dakata, domin a san dalilin dakatawar. Idan mai magana ba ya cikin hoto, kamar ni da nake bayan kyamara, ana rubuta sunansa ko matsayinsa kafin maganar, misali "MAI TAMBAYA:". Idan mutum biyu suka yi magana a gutsure ɗaya, kowa a ba shi layinsa, a fara da karan ɗori. Ba kowane sauti ake rubutawa ba, sai wanda rashin saninsa zai rage fahimta.

Mataki na shida: fitar da fayil

Nau'in fayil da ya fi yaɗuwa shi ne SRT. Rubutu ne zalla, har da Notepad ana iya buɗe shi a gyara. Ga yadda gutsure biyu suke a cikinsa:

14
00:03:12,400 --> 00:03:16,200
Ranar da na iso garin nan
ban san kowa ba, kowa bai san ni ba.

15
00:03:16,600 --> 00:03:19,000
MAI TAMBAYA: A ina kuka sauka, Baba?

Layin farko lambar gutsure ce. Na biyu lokacin shiga da na fita ne, a jere: awa, minti, sakan, sannan bayan waƙafi kashi dubu na sakan. Sai rubutun, sai layi guda da babu komai a cikinsa. Akwai wani nau'in mai suna WebVTT da ake amfani da shi a intanet. Kusan ɗaya suke, sai dai shi yana farawa da kalmar WEBVTT a sama, kuma aya yake sawa a inda SRT ke sa waƙafi.

Ga gargaɗi na musamman ga masu rubuta Hausa. Wajen adana fayil a tabbata an zaɓi tsarin haruffa na UTF-8. In ba haka ba, duk ɓ da ɗ da ƙ za su koma alamar tambaya ko wasu baƙaƙen da ba a san kansu ba. Tsohon tsarin layi na 21 ba shi da waɗannan haruffa ko kaɗan, saboda haka idan manhaja ta ba da zaɓi, a ɗauki SRT. Idan kuma buɗaɗɗen rubutu za a yi, a zaɓi salon haruffan da ke da masu ƙugiya, kamar Noto Sans ko Charis SIL ko Andika, a sa shi fari da baƙin gefe domin ya fito ko a kan farar riga.

Idan aka ajiye fayil ɗin SRT a wuri ɗaya da bidiyon, aka ba su suna iri ɗaya, manhajar kallo irin su VLC za ta ɗauko shi da kanta. Ana kuma iya cusa shi cikin bidiyo nau'in MP4 ko MKV ya zama jere mai zaman kansa. Lambar harshen Hausa a tsarin duniya ita ce ha, ko hau a tsarin haruffa uku, kuma yana da kyau a sa ta. Amma ga bidiyon da za a riƙa turawa daga waya zuwa waya, buɗaɗɗen rubutu ya fi tabbas, domin fayil na biyu yakan ɓace a hanya. Ni duka biyun na yi: rufaffe domin ajiyar sashe, buɗaɗɗe domin mutanen Sabo.

Alamomin babi

Alamar babi wata 'yar tuta ce da ake kafawa a kan layin lokaci, a ba ta suna, domin mai kallo ya tsallaka kai tsaye zuwa wurin. Matsayinta a bidiyo kamar na ƙumshiya ne a littafi. A Premiere Pro da DaVinci Resolve da Final Cut Pro, maɓallin M ne ke kafa alama a inda aka tsaya. Daga nan sai a buɗe ta a rubuta suna. A wasu manhajojin sai an nuna cewa alamar ta babi ce, domin akwai alamomin tunatarwa da edita ke sa wa kansa, waɗanda ba sa bin bidiyon idan an fitar da shi.

Wanda ya riga ya rubuta maganar ba zai sha wahalar raba babi ba, tunda ya san inda zance ya sauya. Alamar a kafa ta sakan ɗaya kafin tambaya ko jimlar da ta buɗe sabon zance, kada ta faɗa tsakiyar magana. Sunan kuma ya faɗi abin da ke ciki. "Kashi na uku" bai gaya wa kowa komai ba. Ga yadda na raba tawa hirar:

0:00 Gabatarwa da asalin Baba
3:05 Zuwa Kudu da masaukin farko
11:40 Ire-iren goro da yadda ake gane mai kyau
19:25 Ɗaurin huhu da adana goro
28:10 Dillalai da fatoma
36:50 Karin maganganun 'yan goro
43:30 Nasiha ga matasa

A YouTube wannan jeri kawai ake rubutawa a wurin bayanin bidiyo, sai layin kallo ya rabu da kansa. Sharuɗɗan uku ne: a fara da 0:00, babi ya kai aƙalla uku a jere daga ƙarami zuwa babba, kuma kowane babi ya kai sakan 10. Fayil ɗin MP4 da MKV ma suna iya ɗaukar babi a cikinsu, VLC kuma tana nuna su. Ga mai rubuta kundin digiri amfanin a fili yake, domin zai iya cewa bayani kaza yana babi na huɗu, minti na 19, mai duba aikin ya je ya ji da kunnensa.

Dubawa ta ƙarshe

Bayan an gama, a kalli bidiyon sau biyu. Karo na farko da sauti, ana duba ko rubutu da murya suna tafiya tare. Karo na biyu a kashe sautin gaba ɗaya, a ga ko za a fahimci komai da rubutun kaɗai. A wannan kallo na biyu ne na gano wurare da dama da ba a san mai magana ba. A kuma gwada a kan waya, domin rubutun da ya yi kyau a kwamfuta yakan yi ƙanƙanta a ƙaramin allo. Daga ƙarshe a ba wani ya duba. Wata 'yar ajinmu Bayarabiya ta gano mini kurakuran haɗe kalmomi da idona ya tsallake, saboda ita a aji ta koyi ƙa'idar, ni kuwa sabo nake bi.

Kammalawa

Aikin ya ɗauke ni kwana tara ina yi bayan lacca, gutsuren rubutu ya haura 600. Da na mayar da sabon kwafin Sabo, jikan Baba ya kalle shi daga farko har ƙarshe, ya koma babi na biyu ya sake kallo. Ya rubuta mini cewa bai taɓa sanin kakansa ya kwana a tashar jirgin ƙasa a daren da ya iso ba. 'Yan ajinmu ma yanzu da wannan bidiyo suke gwada kunnensu a kan Sakkwatanci.

A ɗakin ajiyar sashenmu akwai hirarraki da tatsuniyoyi da wasannin kwaikwayo masu yawa da ɗaliban da suka gabace mu suka ɗauko, babu mai rubutu ko babi a cikinsu. Shawarata ga ƙungiyar ɗalibai ita ce kowane ɗan aji uku da aji huɗu ya ɗauki guda ɗaya ya yi masa wannan aiki kafin ya kammala karatu, a kuma roƙi malamai su sanya shi cikin aikin jinga. Wanda zai fara, ya fara da bidiyon minti uku, ya bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya samu matsala yana iya nemana a ɗakin karatu na sashe ranar Laraba da yamma, mu duba tare.